Zufar Ardo a Zaurenmu

Jama'a, ku gyara zama. Abin da zan ba ku yau ko Safinatu, ƙawata ta aji, ban gaya mata shi duka ba. Ga waɗanda yanzu suka shigo: ni ce Juwairiyya, 'yar Boɗinga, ɗalibar aikin jinya a shekara ta biyu a Sakkwato. Zayyanu kuwa shi ne malamin dabbobin nan na Shagari da ya shekara biyu yana sintiri a ƙofar gidanmu. Ranar Asabar da ta wuce manyansa suka zo neman aurena. A ranar kuma na buɗe bakina, gaban maza goma sha ɗaya, na ce na fasa.

Ku dakata da zagin tukuna. Ku ji yadda aka yi.

Tun da hantsi ƙamshin turaren wuta ya cika gidanmu, har ya danne warin albasar da ke rumbu. Inna ta sa an share tsakar gida sau biyu. Goggo Rahamatu, ƙanwar marigayi Babanmu, ta iso da ƙwaryar fura da kindirmo, tana shigowa tana faɗa da kowa. Ni kuma aka tura ni ƙuryar ɗakin Inna, cikin atamfa koriya mai zanen ganye, jan lalle a tafin hannu, humra har bayan kunne, kamar akwai wanda zai gan ni.

"Ke, aje wagga waya," in ji Inna. "Yau ko tarinki ban son a ji zaure. Kin san abin da matansu ka cewa."

Na sani. Tun da maganar ta taso, matan gidansu Zayyanu suke cewa nas ba matar aure ba ce. Idonta ya bushe, tana taɓa jikin mazan da ba nata ba. Mutum ɗaya ne ya tsawata musu: Ardo Sodangi, yayan mahaifin Zayyanu, wanda ya rene shi tun yana ɗan shekara shida a rugarsu ta wajen Horo Birni. Ya ce zai zo da ƙafarsa ya ga gidan. In ya ga kunya, magana ta ƙare. In bai gani ba, ita ma ta ƙare.

Kun ga ke nan aurena gaba ɗaya a kan abu ɗaya ya rataya: in zauna a ɗaki, in yi shiru.

Na tura wayar ƙarƙashin filo, Inna na fita na zaro ta. Safinatu ce, da fitinarta. Ranar Litinin muna da jarrabawa a kan ciwon zuciya.

"Amarya, bambancin anjaina da bugun zuciya. Maza, ban da leƙen littafi."

Na rubuta mata da yatsa ɗaya don kar in ɓata lallena: "Anjaina, jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta ƙuntata. In mutum ya yi aiki ko tafiya ƙirji ya matse, in ya huta ko ya sa ƙwaya ƙarƙashin harshe, cikin 'yan mintoci ya sake shi. Bugun zuciya, gudan jini ya toshe jijiyar. Ko a zaune yake ba ya saki. Ya wuce minti ashirin, ga zufa mai sanyi, ga tashin zuciya, ciwon ya bi hannu ko muƙamuƙi. Ki ƙyale ni, yau ranata ce."

"Malamarmu Sista Lami za ta yi alfahari da ke. Allah shi sa a ba da ke da arha."

Ina cikin dariya saƙon Zayyanu ya shigo. Shi ba a yarda ya shiga zaure ba, direba kawai yake a ranar.

"Mun iso. Ina mota ƙarƙashin dogonyaronku. Kin yi kyau."

"Ka gan ni ne?"

"Ban buƙatar gani."

Na yi murmushi ni kaɗai. Sai wani ya biyo baya.

"Baffa dai ya sa na tsaya sau biyu kan hanya. Ya ce zahin mota na. Ya ɗan yi kakarin amai wajen Dandin Mahe."

Murmushin ya tsaya a inda yake.

Bari in mayar da ku baya kaɗan. Wata uku da suka wuce Zayyanu ya taɓa gaya mini cewa in Ardo ya bi shanu zuwa mashaya, sai ya tsaya ya jingina da sanda, ya ce wani abu ya danne masa ƙirji. In ya zauna a inuwa kamar minti biyar, sai ya miƙe garau. Na matsa wa Zayyanu lamba har ya lallaɓa shi suka je asibiti. Likita ya ce anjaina ce, ya ba shi magunguna, da wata 'yar kwalba ta ƙwayar ƙarƙashin harshe. Ardo bai san ni na sa aka kai shi ba.

"Ƙarhe nawa abin ya hwara?" na rubuta.

"Goma da rabi, muna barin Shagari."

Na duba agogon wayar. Sha ɗaya da minti ashirin. Mutumin da yake zaune a mota, ba shanu ya bi ba.

"Ya sa ƙwayar?"

"A'a. Ya ce ba komi."

Kafin in amsa, Goggo Rahamatu ta faɗo ɗakin tana yarfe hannu.

"Wanga Ardo dattijo na na gaske. Na aje hura, na aje ruwa, ko kallonsu bai yi ba. Su ba su cin komi gaban surukai, ko da yunwa za ta kashe su. Sai dai zufa, Allah! Fanka na kaɗawa, shi kau awa an kwara mishi ruwa." Ta juya wajen Inna da ta biyo ta. "Ina jar kanwarki? Ƙanensa ya ce ƙwannahi ka damunsa. A jiƙa, in sun hita shi sha a mota."

Jar kanwa.

Masu karatu, shekara huɗu ke nan da rasuwar Babanmu. A gonar albasarsa ta Dandin Mahe ya dafe ƙirji ya ce ƙwannafi ya taso masa. Aka jiƙa masa jar kanwa, ya sha, ya kwanta a inuwa ya ce a tashe shi da azahar. Ba a tashe shi ba. Shekara uku muna cewa olsa ce ta kashe shi. Sai bara, a aji, Sista Lami tana tsaye gaban allo ta dunƙule hannu ta ɗora a tsakiyar ƙirji, ta ce in kun ga mutum ya yi haka, kar ku tsaya tambayar abin da ya ci. Na fita da gudu na yi kuka a bayan ɗakin karatu, saboda an ce Baba ma haka ya yi.

Na miƙe.

"Ina za ki?" in ji Inna.

"Leƙawa kawai."

Akwai wani tsohon asabari a ƙofar zaure ta ciki, karansa biyu sun karye. Nan na sa ido. Baba Shaihu, ƙanen Babanmu kuma waliyyina, yana tsakiya cikin babbar riga ruwan toka, yana jero tarihin gidanmu. Ga ƙullin goro da alawa a gabansa, ba a kwance ba tukuna. Can jikin bango na ga Ardo. Dogo, siriri, farin rawani, farar riga da ta manne masa a jiki sharkaf. Fuskarsa ta yi toka-toka. Bai motsa ba, bai yi nishi ba, har gyaɗa kai yake yi wa Baba Shaihu. Amma hannunsa na dama yana dunƙule a tsakiyar ƙirjinsa, cikin riga. Ina kallo ya zare shi, ya murza kafaɗar hagu, ya shafa muƙamuƙi, ya mayar.

Ban san lokacin da na koma ɗaki ba. Na zazzage jakata ta makaranta a kan gado, na ɗauki na'urar awon jini. Na buɗe langar da Inna ke ajiye magungunanta na hawan jini, na zaro katin ƙananan asfirin. Na zura hijabi a kan atamfar.

Inna ta riƙe hijabin ta baya.

"Juwairiyya. Mi kika yi haka?"

"Inna, zuciyarsa ta. Yanzu haka jijiya ta toshe."

"To a gaya ma Shaihu. Goggonki ta kai saƙo."

"Baba Shaihu zai ce a bari a gama magana. Ardo zai ce lahiyarsa lau. Kowane minti da ya wuce wani yanki na naman zuciyarsa ka mutuwa, ba shi dawowa."

Goggo ta tare ƙofa da faɗin jikinta. "Ke kina da hankali? Ɗiyar da anka zo nema ta hwaɗa zaure cikin maza? Gaban surukinta? Abin da matansu ka jira ke nan!"

"In kin taka zauren ga," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa, "kin kashe aurenki da hannunki."

Na juyo na dube ta. "Inna, Baba ma kanwa anka ba shi."

Ban taɓa faɗa mata ba sai ranar. Na ga maganar ta shiga. Yatsunta suka saki hijabina ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Rahamatu, ba ta hanya."

Na danna wa Zayyanu kira, ban jira gaisuwa ba. "Ka ta da mota, ka juya ta, ka shigo zaure. Yanzu."

Na ɗaga asabarin na yi sallama.

Baba Shaihu ya tsaya da baki buɗe a tsakiyar sunan kakanmu. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka zuba mini ido. Ardo kuwa ya juyar da fuskarsa bango, kamar yadda ya kamata suruki ya yi.

"Wa ya aiko ki?" in ji Baba Shaihu. "Koma ciki!"

Na durƙusa. "Baba, ka gahwarce ni. Baƙonka ba shi da lahiya. In ba a kai shi asibiti yanzu ba, ina tsoron kar shi kai la'asar."

"Subhanallahi! Ke kika raba kwana?"

Wani dattijo da ke kusa da Ardo ya yi gyaran murya. Daga baya na san shi ne ƙanensa, Muhammad Sani. "Yarinya, ƙwannahi na. In mun koma gida wanzami ya yi mishi ƙaho, shi ke nan."

Na ja gwiwa na matsa gaban Ardo. "Ranka shi daɗe, ciwon ya kai hannu?"

Ga bango ya ba amsar, ba ni ba. "Lahiya lau. Zahin rana na."

Zufa na ɗiga daga gemunsa.

Zayyanu ya shigo, takalmi a ƙafa, ya gan ni, ya ga Baffansa, ya rasa wanda zai kalla. Na ce ya naɗe hannun rigar, shi ya ɗaura na'urar, don in na taɓa shi a lokacin zauren zai tashi. Ɗari da hamsin bisa casa'in da biyar. Jijiyar hannu na gudu.

"Tambaye shi," na ce. "Asfirin ya taɓa yi mishi illa? Ya taɓa aman jini? Ya taɓa ganin bayan gidansa ya yi baƙi?"

"Innalillahi!" in ji Baba Shaihu, ya dafe kai. "Bayan gidan surukinki kika tambaya? A zaurena?"

Zayyanu ya sunkuya a kunnen Ardo ya yi tambayoyin da Fillanci. Ardo ya girgiza kai sau uku.

Na ɓallo ƙwaya huɗu, na zuba a tafin Zayyanu. "Shi tauna, kar shi haɗiye su haka. Suna hana gudan jinin ƙaruwa. Sannan ka ciro kwalbar da ke aljihunsa."

Zayyanu ya miƙa. Ardo ya dubi ƙwayoyin, ya dubi Baba Shaihu da mutanenmu, ya rufe baki ya ture hannun a hankali.

"Baffa, don Allah."

"Shekarata saba'in da biyu," in ji Ardo, numfashi na yanke masa magana. "Ba a taɓa ganin... bakina na motsi... gaban surukai ba. Ba yau ba."

"To su Baba su ɗan ba mu wuri," na ce.

"Ni za ki kora daga zaurena?" in ji Baba Shaihu.

Muhammad Sani ya girgiza kai. "Ko sun hita, ke hwa? Ke ce babbar surukar. Ki koma ciki, in mun kama hanya shi sha."

Da na yarda da maganarsa, da na koma. Amma na san in na juya baya, za a gama addu'a, a raba goro, a yi rakiya, sannan a nufi Horo Birni wajen wanzami. Ba wanda zai tauna komai. Na dubi agogo: sha ɗaya da rabi. Awa guda cif. Leɓen Ardo ya fara canza launi.

Na dubi Zayyanu. Shekara biyu. Mutumin da ya taɓa tuƙo babur daga Shagari cikin ruwan sama don ya kawo mini littafin da na manta. Ya gane abin da zan yi kafin in yi, na ga ya girgiza kai.

Na ɗaga murya yadda na ƙarshen zaure zai ji.

"Baba Shaihu, ku shaida. Ba a kwance goro ba, ba a yi addu'a ba. Ni Juwairiyya na hwasa. Ban son auren."

"Juwairiyya!" in ji Zayyanu.

"Ba surukuta tsakanin gidan ga da gidanku. Ba suruki a ɗakin ga, ko ɗaya." Na kwashe ƙwayoyin daga hannunsa na matsa. Sai na yi abin da surukar kirki ba ta yi har ta mutu, na kira sunansa. "Malam Sodangi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kai majinyaci na. Buɗe baki."

Baba Shaihu ya tattara babbar rigarsa ya fice. Mutanenmu suka bi shi.

A karo na farko Ardo ya juyo ya dube ni. Idonsa jajir, amma ba fushi na gani a ciki ba. Ya daɗe yana kallona, ko kuwa ni ce na ga daɗewar. Sannan ya buɗe tafin hannunsa. Na zuba. Ya kai baki.

Ƙarar taunar ƙwayar nan, wallahi har yanzu ina jin ta.

Daga nan jikina ya karɓi aikin. Na sa aka jingina shi da bango a zaune, gwiwoyi a ɗage, ba a kwance ba. Na sassauta rawanin, na ɓalle maɓallin wuya. Ƙwaya ɗaya ƙarƙashin harshe, na ce kar ya tauna wannan, ya bar ta ta narke. Babu takarda kusa, sai na zaro biro na rubuta lokutan a tafin hannuna, a kan lallen. Na kira Sista Lami, malamarmu, na jero mata abin da na gani.

"Ku taho da shi kai tsaye, ina sashen gaggawa," ta ce. "Kar ki bari ya taka da ƙafarsa."

Nan ma sai da aka yi. Ardo ya kama sanda zai miƙe, wai ba a ɗaukarsa sai ranar da za a kai shi makwanci.

"In ka taka zuwa mota, yau ce ranar," na ce.

Muhammad Sani ya zaro ido. Amma shi ya fara kama ƙafar kujerar roba da aka ɗora Ardo a kai.

Muna fita na hangi mata cike da ƙofofin gidaje. Na shiga bayan mota kusa da Ardo, yatsuna biyu a kan jijiyar hannunsa. Zayyanu ya figi motar.

Minti biyar. "Ya sake ka?"

Ardo ya girgiza kai. "Awa bijimin sa ya gurhwana mini a ƙirji."

Da anjaina ce da ta saki. Na sake awo, jinin bai faɗi ba, na ba shi ta biyu. Mun wuce wata tirelar albasa, Zayyanu na danna oda kamar zai fasa ta. A madubi na ga idonsa.

"Da gaske kike?" ya ce.

"Ka kalli hanya."

"Juwairiyya, tambayarki nika yi."

"Ka kalli hanya, Zayyanu!"

Sai ga garken shanu sun tare titi, suna tsallakawa a natse kamar titin na ubansu ne. Zayyanu ya taka birki, ya leƙa yana ihu. Ardo ya buɗe ido ya bi su da kallo.

"Waccan ja... ƙahwarta ta baya... a duba ta."

"Baffa, kai kana mutuwa kana duba saniya?"

"Wa ya ce maka... ina mutuwa? Tambayi likitarka."

Na yi dariya, hawaye suka biyo ta. Na sake awo: ɗari bisa sittin. Jinin ya sauka, na mayar da kwalbar aljihu, ba zan ba shi ta uku ba. Hannunsa ya yi sanyi kamar randa. Na riƙa yi masa tambayoyi don kar ya yi shiru: shanu nawa, wace ce ta fi nono, wa ya raɗa wa Zayyanu suna. A raina kuwa ina maimaita yadda ake danna ƙirji in zuciya ta tsaya, ina roƙon Allah kar Ya kai mu nan.

Sha biyu da 'yan mintoci muka shiga asibitinmu a Sakkwato. Sista Lami na tsaye da gadon turawa. Kafin minti goma an manna masa wayoyin gwajin zuciya, wanda muke ce wa ECG. Takardar na fitowa na ga layin da ya kamata ya kwanta ya ɗaga sama. Likita ya ce babbar jijiya ce ta toshe, a ɗebi jini, a shirya allurar narkar da gudan jini.

"Ƙarfe nawa ya fara? Me aka ba shi?"

Na buɗe masa tafin hannuna. Ya karanta biro a kan jan lalle, ya dubi atamfata, ya dubi Sista Lami.

"Biki aka baro?"

"Ɗalibata ce," ta ce. "Yi aikinka."

Da la'asar ciwon ya sake shi, layin ya fara sauka. Likita ya ce wa Muhammad Sani sun zo a kan lokaci. Ni kuma na hau motar haya na koma Boɗinga ni kaɗai. Ban yi wa Zayyanu sallama ba. Me zan ce masa?

A gida na tarar Baba Shaihu ya mayar musu da goro da alawa, ko kwance ƙullin ba a yi ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya wuce kamar bai ga kowa ba. Goggo ta ce na zubar da mutuncin gidan a gaban baƙi, labari ya riga ya kai har ƙauyen Mandera. Wata ƙanwar uwar Zayyanu ta sa a shafinta na waya, ba suna: "Dama mun hwaɗa." Inna kaɗai ce ba ta zarge ni ba. Ta zaunar da ni ta kwance mini ɗankwali, ta shafa kaina.

"Da an samu mai hita zaure ranar Babanki," ta ce. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Zayyanu ya turo saƙo tara ranar Lahadi. Na karanta na farko: "Kin hwaɗa gaban shaidu. Ki gaya mini abin da zan ce ma zuciyata." Ban buɗe sauran ba. Ranar Litinin na rubuta jarrabawa, tambaya ta biyu ita ce bambancin nan, na amsa ta ina share ido, Safinatu na harara ta daga layi na uku.

Ranar Talata da rana muna aikin koyo a ɗakin majinyata maza. Sista Lami ta miƙo mini farantin magani.

"Gado na shida."

"Sista, don Allah ki tura Safinatu."

"Gado na shida, Juwairiyya. Ina bayanki."

Na ja labulen na yi sallama. Ardo na jingine da filo uku, ba rawani, wayoyi a ƙirji, fuskarsa ta dawo. Zayyanu na zaune a gefen gado, ya rame cikin kwana uku. Muhammad Sani na kan tabarma da carbi. Na gaishe su idona a ƙasa. Na zuba ƙwayoyin a ɗan kofi, na tsiyaya ruwa, na miƙa.

Ardo ya karɓa. Ya riƙe. Sai ya juyar da fuskarsa bango, ya ja bakin zanen gado ya rufe bakinsa.

"Zayyanu," ya ce, "ce mata ta hita."

To, dama me nake jira? Yarinyar da ta kira sunansa gatsal, ta tambayi bayan gidansa a gaban mutane. Na ɗauki farantin, na juya zan fita.

"A'a, Malam," in ji Sista Lami. "Kwana uku kana shan magani gaban kowace nas a ɗakin nan. Jiya har kunu ka sha a gabana. Wannan me ta yi?"

Ardo bai juyo ba.

"Su ma'aikata na," ya ce wa bangon. "Ni ban shan ruwa gaban surukata."

Carbin Muhammad Sani ya tsaya. Zayyanu ya ɗago kai.

"Baffa, ai ta ce ta hwasa. Gaban shaidu."

"Na ji ta. Don ni ta hwaɗa, ba don kai ba. Na zo ganin kunya, na ga wadda ta ajiye tata don tawa ta tsira." Ya yi ɗan tari. "Ka gaya ma Shaihu shi share zaurensa. Ranar da anka sallame ni, can nika hwara zuwa, da gorona. Yanzu ta hita, ƙwayar ga na narkewa a hannuna."

"Jeki," in ji Sista Lami, tana danne dariya. "Ni zan tsaya in ga ya haɗiye."

Na fita na saki labulen, na jingina da bango, farantin a ƙirjina. Wayata ta fara rawa a aljihun farar rigata. Na zaro. Baba Shaihu ne, mutumin da kwana uku bai amsa gaisuwata ba. Na tsaya ina kallon sunan, ban san da wace murya zai yi magana ba, ban kuma ɗauka ba tukuna. Kunnena na bayan labule.

Sai da na ji surukina ya haɗiye ruwan, sannan na kai wayar kunne.